Me ke hana yaran Damagaram kunna sigari?

Kullum ana maganar yaran da suka faɗa shan taba, alhali mafi yawan ƴan shekara 13 zuwa 15 ba sa sha. Su ma ya kamata a san abin da ke riƙe su.

Tsoron ciwo ne ke hana su?

Yana ciki, amma ba na jin shi ne kan gaba. A lakwal ana gaya musu illarta, kuma gaskiya ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, kuma a hayaƙinta akwai sinadarai kusan 70 masu jawo ciwon daji. Sai dai ɗan shekara 14 ba ya hango ciwon da zai same shi yana ɗan hamsin. Abin da yake gani shi ne abokinsa da ya fara sha, yanzu ko rabin wasan ƙwallo ba ya kaiwa sai haki. Yaron da ke mafarkin ɗaukar takobin kokowa ya san numfashi ne jarinsa.

To mene ne babban dalilin?

Kunya. Warin taba ba ya ɓuya. Yana bin riga, yana bin baki, leɓe ya yi baƙi. Yaro zai durƙusa ya gaida inna, zai shiga sahu kafaɗa da kafaɗa da baffansa, zai zauna gaban malam da allo. A unguwar Birni ko Zango, kafin ya taka guntun da ya yar, wani ya riga ya ce "ai ɗan gidan wane ne". Wasu na kiran wannan sa ido. Ni kam ina ganin katanga ce, kuma ta tsare yara da yawa tun kafin su san mene ne nikotin, sinadarin da ke sa mutum ya kasa barin taba.

Ba a fada, wato majalisar samari, ake koyo ba?

A can ake koyo, a can kuma ake ƙi. Fadar da babbanta ba ya sha, shayi da hira sun ishe ta. Yaron da ya samu aboki ko ɗaya da zai ce "a'a" tare da shi, ba ya jin nauyin a kira shi matsoraci.

Shisha fa?

Taba ce. Ƙamshi aka sa mata, ruwan kuma ba ya tace gubar.

Doka na taimakawa?

Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, ta kuma yi dokarta a 2006, wadda ta hana tallar taba da sayar da ita ga yara. Amma muddin mai tebur zai sayar da kara ɗai-ɗai ga duk wanda ya miƙo kuɗi, kuɗin tara na makaranta ya isa yaro ya gwada. Gwajin nan ne abin tsoro, domin nikotin na isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa kamar 10, ƙwaƙwalwar matashi kuwa ba ta gama nuna ba, shi ya sa take saurin kamuwa.

Me babba zai yi a gida?

Ya daina aiken yaro sayen taba. Wannan yana ci mini rai: uba ko yaya ya ba ɗan shekara goma kuɗi ya ce "je ka sayo mini kara biyu", wani har ya ce a kunno masa a garwashin mai shayi. Yaron ya san wurin saye, ya san farashi, mai tebur ya saba da fuskarsa. Ranar da ya je saya wa kansa, babu mai tambayarsa wa ya aiko shi.