Sabon bakod na kayan kanti: shirin leda, kwali da layin injin

Bakod dai shi ne zanen nan na sanduna baƙaƙe da farare da ke bayan kwalin madara ko robar lemo, wanda kashiya ke haska ma sikana ya yi ƙara kuɗin kaya ya fito a kwamfuta. Sabon tsarin da ake magana yanzu kau shi ne na maye shi, ko dai a ce haɗa shi, da bakod mai kusurwa huɗu mai ɗige-ɗige kamar allon dara, wato QR da ɗan'uwanshi Data Matrix. Ƙungiyar GS1 mai hedikwata a Burasel ta ƙasar Beljiyam ita ke riƙe da ƙa'idar lambobin kaya a duniya, kuma ita da manyan kamfanoni suka sa ƙarshen shekarar 2027 a matsayin lokacin da ake so sikanar kantuna ta iya karanta duka biyun, tsohon da sabon, shirin da suka ma suna Sunrise 2027. Wannan yarjejeniya ce ta 'yan kasuwa, babu wata doka da ta ce daga wannan rana tsohon bakod ya mutu, duk da akwai masu sayar da injina da ke son mutane su ɗauka haka.

Asalinshi a taƙaice

An fara haska bakod a kanti ranar 26 ga Yunin 1974 a garin Troy na jihar Ohayo a Amurka, kuma abin da aka haska fakitin cingam ne. Wancan shi ne UPC mai lamba 12. Turawan Turai suka faɗaɗa shi zuwa lamba 13, EAN-13, wanda shi ne mafi yawa a kan kayan da ke kasuwanninmu. Duk lambar da aka yi rajistarta a ofishin GS1 na Najeriya da 615 take farawa, amma fa wannan yana nuna inda aka yi rajista ne kawai, ba dole ne a nan aka yi kayan ba. QR kuma kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro shi a 1994 don bin sawun sassan mota a masana'anta.

Me ke cikin sabon

Tsohon bakod ba ya ɗauke da komi sai lambar kaya, GTIN. Ko farashi ba ya ciki, kwamfutar kanti ce ke ganin lambar ta nemo kuɗin da aka sa mata. Don haka robar yogot ɗin da aka yi yau da wadda ta kwana wata biyu a firij duk abu ɗaya ne wurin sikana. Sabon yana iya ɗaukar lambar kayan, ya ƙara da lambar rukuni (abin da ma'aikata ke ce ma bach), da ranar esfaya (ranar da wa'adin amfani da kaya ke ƙarewa), da nauyi, har da lamba ta musamman ga kowane fakiti shi kaɗai. Kowane bayani akwai 'yar lambar da ke gabanshi tana faɗin ko mene ne: 01 lambar kaya, 10 rukuni, 17 ranar esfaya, 15 ranar da ya fi kyau a yi amfani da shi kafin ta, 21 lambar fakiti. Da wannan kanti zai iya sa kwamfuta ta ƙi sayar da abin da ya yi esfaya, kuma in rukuni ɗaya ya lalace a janye shi kaɗai ba sai an kwashe duk kayan kamfani daga kanta ba.

Iri uku aka yarda da su a wurin biyan kuɗi. Akwai GS1 DataMatrix, ƙarami ne ba ya cin wuri, shi masu magani suka daɗe da kamawa, a Tarayyar Turai tun Fabrairun 2019 ya zama dole a kan kwalin mafi yawan magungunan da likita ke rubutawa, kuma NAFDAC ma tsarin GS1 ta ɗauka wurin bin sawun magunguna. Sai QR da Data Matrix masu ɗauke da adireshin intanet a tsarin GS1 Digital Link da ya fito a 2018, inda lambar kayan ke cikin adireshin, sikanar kanti ta tsinci lambar ta bar sauran, wayar mai saye kuma ta buɗe shafin kamfani. QR ɗin da mai dizain ke ɗorawa a leda yana kai mutum lambar WhatsApp ko shafin Facebook ba ya cikin wannan lissafi sam, kashiya ba abin da za ta yi da shi.

Ɓangaren leda da kwali

Abu na farko wuri ne. A tsakanin nan kafin kowa ya gama sauyawa, kaya za su ɗauki bakod biyu, kuma shawarar GS1 ita ce sabon ya zauna cikin milimita 50 daga tsakiyar tsohon, don kar kashiya ta riƙa juya kaya tana nema, kuma lambar kayan da ke cikinsu dole ta zama ɗaya. Girman kowane ɗigo a kayan kanti daga milimita 0.396 ne zuwa 0.990, wanda aka fi so 0.495. QR na buƙatar fili fari fes na faɗin ɗigo huɗu ta kowane gefe, Data Matrix ɗigo ɗaya ya ishe shi. In ka lissafa, QR mai ɗigo 29 a tsaye 29 a kwance, ka ƙara filin gefe ya zama 37, sau 0.495, ka ga ya ci wajen milimita 18 kenan, in aka cusa mashi ranar esfaya da rukuni ya ƙara kumbura ya haura 20. A buhun shinkafa wannan ba komi ba ne, amma a 'yar ledar yaji ko sacet ɗin garin kunu da aka riga aka cika da hoton tattasai da lambar NAFDAC da lambobin waya uku, sai an sadaukar da wani abu. Masu dizain kuma sun iya matse bakod don hoto ya samu wuri, nan ake fara ɓata shi.

Kala ma na da nata. Sikana da jan haske take aiki galibi, ja a kan fari ɓacewa yake a idonta, baƙi a kan fari ko shuɗi mai duhu a kan fari shi ne lafiya. Leda garai mai nuna abin da ke ciki sai an shimfiɗa mata farar tawada a ƙasa, in ba haka ba zoɓon da ke ciki shi zai zama bango, ja mai duhu a bayan baƙi. Leda mai ƙyalli irin ta biskit na mayar da haske tana kashe ma kamara ido. Sannan kar ya hau kan ɗinki ko wurin da injin ke manne baki, kar ya faɗa lanƙwasar 'yar ƙaramar kwalba. Kayan firij suna zufa in an fiddo su, sitikar takarda ta jiƙe, kilishi da ƙuli-ƙuli kuma mai ke ratsowa. Gaskiya ne sabon bakod na da dabarar gyara kanshi in wani sashe ya goge, QR na da mataki huɗu daga wajen kashi 7 zuwa kashi 30 cikin ɗari, amma wannan ajiya ce don wahalar hanya, bai kamata a cinye ta tun daga gidan buga leda ba.

Ɓangaren layin injin

Nan ne aikin yake, kuma nan kuɗin ke tafiya. Tsohon bakod ba ya canzawa, sau ɗaya ake sassaƙa shi a silinda ko farantin da ke buga zane a jikin leda, a gidan buga leda a Kano ko Legas, a buga nadi-nadi na wata shida a kawo a jibge a sito. In sabon ma lambar kaya da adireshi kawai zai ɗauka, haka za a yi, canjin dizain ne kurum, sai dai a jira tsohuwar leda ta ƙare don kar a yi asara. Amma da zarar an ce ranar esfaya da rukuni su shiga ciki to bugun ya baro gidan buga leda ya dawo cikin masana'anta, kowane fakiti sai an buga mashi nashi yana tafe a kan bel, kuma injin da ya saba fesa kwanan wata da 'yan ɗige-ɗige a wuyan roba ba lallai ya iya ba.

Wancan injin mai fesa tawada daga ɗan nesa, wanda masu ruwan roba da lemo suka fi sani, yana da sauri da juriya amma ɗigonshi manya ne kuma ba su cika zama daidai ba, rubutun da ɗan karkacewa ba ya hana mutum karantawa, bakod mai kusurwa huɗu kau in layukanshi suka goce ya tashi aiki. Mai katirij irin na firintar ofis ya fi shi fitar da abu tsaf, ɗigo 300 zuwa 600 a inci, sai dai dole bakinshi ya matso kaya sosai, 'yan milimita kaɗan, kuma a leda ko roba sai da tawadar da ke kama su ta bushe da wuri. Mai ribon da zafi shi ya fi dacewa da ledar da ke warwarowa daga nadi kafin a cika ta a manne. Leza ba ta cin tawada, ƙona saman fenti take ta bar zane, amma tana da tsada, tana son abin zuƙe hayaƙi, kuma ba kowace leda ke karɓarta ba. Mafi sauƙi ga ƙaramin kamfani shi ne a buga a sitika a manna, ko da hannu ne.

Ko wanne aka zaɓa, rubutun kwanan wata layi ɗaya ko biyu ne, sabon bakod kau murabba'i ne mai tsawo da faɗi, don haka tafiyar bel ta zama magana. In bel na fizga ko yana rawa, bakod ya miƙe ko ya tsuke. Shi ya sa ake ɗaura ma bel ɗan na'urar da ke auna gudunshi tana gaya ma firinta, a sa ƙarafan gefe su riƙe kwali kar ya juya. Mu nan ga ƙarin namu: wutar KEDCO ta ɗauke a koma janareta gudun moto ya canza, ƙurar hunturu ta toshe bakin katirij ta zauna a gilashin kamara, zafin Afrilu ya busar da tawada a baki in layi ya tsaya minti kaɗan. Bakin katirij ɗaya in ya toshe, farin layi ne zai ratsa bakod daga farko har ƙarshe, kuma haka zai yi ta yi ma dubban fakiti ba wanda ya lura sai in akwai mai dubawa. Don haka manyan layuka ke sa kamara bayan firinta tana karanta kowane ɗaya, wanda bai karantu ba iska ta ture shi gefe.

Sai maganar wa ke shigar da bayanin. Da, in mai kula da injin ya yi kuskuren kwanan wata, wani zai gani da ido ya ce malam tsaya. Yanzu kuskuren na ɓoye cikin ɗige-ɗige. Kuma tsarin GS1 shekara ke fara zuwa, sai wata, sai rana, saɓanin yanda muka saba: 270305 na nufin 5 ga Maris 2027, wanda ya karanta shi da al'adarmu zai ce 27 ga Maris 2005. Mutum ɗaya ya juya wannan da safe, kaya na isa kantin da ke duba esfaya kwamfuta ta ƙi su gaba ɗaya. Maganinshi bayanin ya fito daga wuri ɗaya, kwamfutar da ke ba firinta umarni ita ke rubuta na ido da na cikin bakod a tare, ba a buga kowanne daban ba.

Gwaji

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a haska da waya, ta karanta, a ce shi kenan. Kamarar waya na da haƙuri, za ta tsaya ta daidaita ta sake gwadawa, sikanar kanti kuma cikin ƙiftawar ido take so ta gama. Akwai na'urar awo ta musamman da ke ba bakod maki daga 0 zuwa 4 bisa ƙa'idar ISO/IEC 15415, tana duba bambancin baƙi da fari, daidaiton layuka, da nawa aka ci daga ajiyar gyara. Mafi ƙarancin da ake karɓa 1.5 ne. Mai hankali ba ya tsayawa nan, don kayan da suka fito da 1.5 daga injin, in aka loda su a mota zuwa Daura ko Jibiya, katan na gugar katan, rana na duka, ba da 1.5 za su isa ba. A gwada a ainihin ledar, a ainihin gudun layi, kuma bayan an cika an manne, ba a kan takardar ofis ba.

Halin da ake ciki a Katsina

Mafi yawan cinikin gari, daga babbar kasuwa har shagunan unguwa, ba sikana a ciki, mai shago ya san kuɗin kayanshi da ka. Masu sikana su ne sufamaket da manyan shagunan magani, kuma ko cikinsu wanda ke da tsohuwar sikana mai jan layi ɗaya ba zai karanta sabon ba ko ya kwana yana haskawa, sai mai kamara a ciki, sannan manhajar kwamfutar ma sai ta san yanda za ta tsinci lambar kaya daga dogon rubutu kuma kar ta caji mutum sau biyu in ta ga bakod biyu a fakiti ɗaya.

Ga mai sarrafa shinkafa, man gyaɗa, yogot ko garin kunu, matsalar da ta riga wannan ita ce da yawa bakod ɗin da ke kan ledarsu ma ba nasu ba ne, mai dizain ne ya kwafo daga wani kwali ko ya ƙirƙira a intanet don leda ta yi kyau. Ranar da aka haska shi a kanti sai sunan kayan wani ya fito, ko kuma babu komi. Sabon tsari a kan lambar kaya ta gaskiya yake zaune, wadda aka yi rajista kuma ake sabuntawa, kowane girma da kowane ɗanɗano da tashi lambar, rabin lita daban lita ɗaya daban. Wanda ke shirin sake silinda bana, abin da ya fi mashi arha shi ne ya gyara lambar, ya bar farin fili na kamar santimita biyu da rabi kusa da tsohon bakod, ko da bai sayi firinta ba tukunna, tunda sake sassaƙa silinda daga baya kuɗi ne sabo kuma gidan buga leda ba ya buga kaɗan.