'Yan Ci-rani da 'Yan Gudun Hijira a Yaƙin Libiya na 2011

Kafin 2011, Libiya na cikin ƙasashen Afirka da suka fi tara baƙin ma'aikata. Arzikin mai ya jawo Misirawa da 'yan Tunisiya da Bangaladash, da ɗimbin mutanen Nijar, Chadi, Najeriya, Mali da Ghana, masu aikin gini, lambu, gadi da dako. Daga ƙasar Hausa akan bi Agadas, Dirku da Madama har Sabha. Mu'ammar Gaddafi ne ya buɗe musu ƙofa a shekarun 1990 da sunan haɗin kan Afirka, amma zaman na ɗar-ɗar ne. A Satumban 2000 an far wa baƙaƙen fata a Zawiya, aka yi asarar rayuka.

Da bore ya tashi a Bengazi cikin Fabrairun 2011, sai maganar cewa Gaddafi ya ɗauko sojojin haya daga kudu da Sahara ta cika gari. Akwai baƙin mayaƙa a rundunarsa, amma zargin ya faɗa kan kowane baƙar fata. Birkila da leburan da ba su taɓa riƙe bindiga ba aka tsare su a shingaye, aka ƙwace musu kuɗi da waya, wasu aka kashe. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, kuma bai tsaya kan baƙi ba: mutanen Tawarga, 'yan ƙasa baƙaƙen fata, an kore su kaf daga garinsu a watan Agusta.

Hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta ƙidaya kusan baƙi 800,000 da suka fice a shekarar. Mafi yawa sun bi Ras Jadir zuwa Tunisiya ko Sallum zuwa Masar. Mutanen Nijar da Chadi sun tsallaka hamada a kan manyan motocin kaya, suka iso Dirku da Faya hannu rabbana, gidajen da ke dogaro da aikensu suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

Ɗan ci-rani dai yana da gidan komawa. Mutanen Eritiriya, Somaliya da Darfur, da tun farko yaƙi ko danniya ta raba su da gida, ba su da shi, ga Libiya ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba. Wasu suka zauna a sansanin Shusha na Tunisiya har aka rufe shi a 2013, wasu suka shiga teku. A ƙarshen Maris 2011 wani kwalekwale ya bar Tarabulus da mutum 72, mai ya ƙare, ya yi mako biyu yana shawagi babu mai ceto. Tara kaɗai suka rayu.

Kashe Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoban 2011 bai kawo ƙarshen wahalar ba, don gidajen tsare baƙi da dama sun koma hannun ƙungiyoyi masu makamai. Daga Nuwamban 2017 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ta fara kwaso wasu zuwa Nijar, daga bisani aka riƙa tsugunar da su a Hamdallaye kusa da Yamai. A Yulin 2019 harin sama ya faɗa kan gidan tsare baƙi na Tajura, ya kashe aƙalla mutum 53.