Jajayen tuddai a gaɓar Essex: me doka ta ce wa mai son tonawa?

A fadamun gaɓar teku na yankin Essex, gabashin Ingila, akwai wasu ƙananan tuddai kusa da jingar da ke tare ruwan teku. Idan garma ta bi ta kansu sai ƙasar ta fito jawur, cike da tsingaro. Wuraren dafa gishiri ne, yawancinsu tun kafin zuwan Romawa da kuma zamaninsu. Ana tara ruwan teku, a dafa shi a kaskon yumɓu har ya ƙafe, a watsar da fasassun kasake da toka a gefe, shekara bayan shekara, har su zama tudu. Wanda ya san yadda ake dafa manda a ƙasar Manga zai gane aikin nan take.

Amma ba kowane tudu ne na gishiri ba. Wani tsohuwar jinga ce da aka bari bayan an gina sabuwa, wani kuma tarin ƙasa ne daga ramin da aka haƙa a Yaƙin Duniya na Biyu don hana jiragen abokan gaba sauka. Ido kaɗai ba ya rabe su, shi ya sa hannu ke ƙaiƙayin ɗaukar shebur.

Dokoki biyu ne suka tare hanya. Ta farko ita ce dokar kayan tarihi ta 1979. Duk wurin da gwamnati ta sa a jerin wuraren da take karewa, ba a tona shi, ba a binne shi, ba a ma gyara shi sai da rubutaccen izinin minista, wanda ake nema ta hannun Historic England, hukumar kula da wuraren tarihi ta Ingila. Ko gonarka ce, haka dokar take. Yawo da na'urar gano ƙarfe a wurin ba izini laifi ne, lalata shi da gangan kuma yana iya jawo tara ko ɗaurin da ya kai shekara 2.

Ta biyu ta shafi jingar kanta. Ƙa'idojin 2016 sun ce aikin haƙa a cikin tazarar mita 16 daga jingar teku na buƙatar izinin Hukumar Muhalli ta ƙasar. Wannan ba tsanani ba ne a ganina. A daren 31 ga Janairun 1953 teku ta fasa jingogin gabashin Ingila, mutum sama da 300 suka mutu, 58 daga ciki a tsibirin Canvey kaɗai.

Abin da ke damuna shi ne yawancin jajayen tuddan nan ba sa cikin jerin, don haka garma na ci gaba da baje su a hankali. Wanda ya ga tudun da bai gane ba, ya ɗauki hoto, ya rubuta daidai inda yake, ya kai wa ofishin da ke ajiye kundin wuraren tarihi na yankin. Sai an rubuta wuri a kundin nan masu ba da izinin gini ke sanin akwai shi.