Me Ake Nufi da Wuski Mai Ɗanɗano?

Duk shekara kamfanonin barasa na Amurka da Kanada kan fitar da sababbin kwalabe masu hoton zuma, tuffa, kirfa, har da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Sunan da ake ba wannan rukuni shi ne wuski mai ɗanɗano. Jim Beam ya fito da Red Stag a 2009, Jack Daniel's ya biyo baya da na zuma a 2011, Skrewball mai ɗanɗanon gyaɗa ya shiga kasuwa a 2018. Amma a dokar ƙasashen da ke sarrafa shi, abin da ke cikin waɗannan kwalabe ba wuski zalla ba ne.

Wuski na ainihi daga hatsi yake: sha'ir, masara ko alkama. Ana tsima hatsin, a dafa ruwan a tara tururinsa, sannan a ɗura a gangar itacen oak ya kwanta. Dokar Sukotlan ta 2009 ta ce sai ya yi aƙalla shekara 3 a ganga, ƙarfin barasarsa kada ya gaza kashi 40 cikin 100, kuma ba a ƙara masa komai sai ruwa da launin ƙonannen sukari. Bourbon, wani nau'in wuskin Amurka, ya fi haka tsanani ta wani fanni, domin ko launin ba a yarda ba: masara aƙalla kashi 51, sabuwar ganga da aka babbake cikinta, shi ke nan.

Da zarar an zuba zuma ko kirfa, kwalba ta fita daga wannan sahu. A Amurka an yarda a kira ta wuski mai ɗanɗano muddin an rubuta sunan ɗanɗanon a jiki kuma ƙarfinta bai gaza kashi 30 ba. Shi ya sa Fireball, wuski mai ɗanɗanon kirfa, ke da kashi 33, na zumar Jack Daniel's kuma 35. A Tarayyar Turai ba a sayar da irin wannan da sunan wuski kai tsaye. Idan sukarinsa ya kai giram 100 a lita, sunansa liqueur, wato barasa mai zaƙi.

Akwai wani abu da ake yawan ruɗawa da shi, wato ƙarasa wuski a wata ganga. A nan ba a zuba komai. Ana juye wuskin ne zuwa gangar da ta taɓa riƙe giyar inabi irin su sherry ko port, ya yi watanni, ya ɗauko ƙamshin da itacen ya sha. Wannan har yanzu wuski ne a doka.

Haɗa ɗanɗanon yana da nasa matsaloli. Man da ke cikin kirfa ko ɓawon lemo yana narkewa a barasa mai ƙarfi, amma idan aka sirka da ruwa zuwa kashi 35 sai ya ware, ruwan ya yi dishi-dishi. Don haka ake sanyaya shi sosai a tace, ko a sa sinadarin da ke riƙe man. Ɗaya daga cikinsu, propylene glycol, shi ya jawo aka janye Fireball daga Finlan, Suwidin da Norwe a 2014, saboda adadin da ke cikin haɗin Amurka ya wuce abin da Turai ta amince. Jiƙa ɓawon itace fiye da kima kuma yana kawo bauri, abin da kamfani kan rufe da ƙarin sukari.

Sukarin nan shi ne abin damuwa. Yana kashe zafin da ke gargaɗin maƙogwaro, sai mai sha ya zarce bai ankara ba. Kwalbar mililita 750 mai kashi 35 tana ɗauke da kusan mililita 262 na barasa zalla, daidai da kwalbar giya ta mililita 600 mai kashi 5 kusan guda 9. Ga mai ciwon sukari, nauyin biyu ne.

Wanda bai sha ba ma yana da buƙatar sanin wannan, musamman iyaye da masu kanti, domin hoton tuffa ko zuma na iya sa a zaci lemon kwalba ne. Giya ce cikakkiya. A duba lambar da ke gaban ABV, ita ce kason barasa. Idan an rubuta proof a kwalbar Amurka, a raba lambar biyu: 70 na nufin kashi 35. Wani lokaci ma babu wuski ko ɗigo a ciki, kamar ƙananan kwalaben Fireball Cinnamon masu kashi 16.5 da aka yi da tsimin hatsi, waɗanda aka kai ƙara a kansu a Amurka a 2023 bisa zargin cewa kamannin kwalbar na ruɗar masu saye.