Wake ya yi kyau a baje koli, amma me aka zuba masa?

Kaka ta yi, alhamdu lillahi. Duk hanyar da ka bi a ƙasar Damagaram, daga Mirriya zuwa Matamaye, daga Kance zuwa Magariya, amalanken shanu za ka tarar ɗauke da dammunan gero. An jibge harawa a kan rufin ɗakuna da rassan itace, mata na sussuka, da dare kuma ganga na tashi daga dandali inda samari ke kokowa. Makon jiya aka yi baje kolin amfanin gona a wajenmu, irin wanda ƙungiyoyin manoma ke shiryawa idan an gama kai amfani gida. Na je, na kuma ji daɗi. Na ga zangarniyar gero mai tsawon kamu biyu, na ga riɗi fari tas, ga gyaɗa, ga zoɓo, ga rake daga fadamun Korama, ga ragunan balami an wanke su an shafa musu lalle. Mata sun kawo man gyaɗa da ƙuli-ƙuli na hannunsu. Wani tsohon sarkin noma ya zo da rawaninsa, makaɗa na bin sa suna tuna masa shekarar da ya yi dubu, shi kuwa yana murmushi kamar ba da shi ake ba.

Sai na shiga layin masu wake, nan ne raina ya ɓaci.

Shekaru nawa ina aikin malamin gona, na saba da abu guda: in na zo gaban wake, hannu nake turawa cikin buhu har gwiwar hannu, in ɗebo na ƙasa in sansana. Buhu na uku da na taɓa, warin ya bugi hancina tun kafin in kai hannu fuska. Wake sabo, na bana, ko wata guda bai yi da barin gona ba, amma an riga an yi masa wanka da maganin ƙwarin nan piya-piya. Na ce wa mai shi, dattijo ne da na girmama, "Baba, me aka sa wa waken nan?" Ya ce, "Malam, ɗan kaɗan ne, murfi biyu kawai, don kada ƙwari su riga ni." Na ce, "Baba, in an dafa shi a gidanka yau, za ka ci?" Ya yi dariya ya ce na gida daban ya ajiye.

Kun ji fa. Na gida daban. To wannan na wa ne? Na ɗiyar wa? Mai ƙosai da ke bakin lakwal ita za ta saye shi, jikokinka da na maƙwabcinka su za su miƙa dala biyar-biyar su karɓa.

Jama'a, ku daina zuba wa wake guba. Abin da na zauna rubutawa ke nan, kuma zan yi ta maimaita shi har ku gaji da ni.

Na san dalilinku, ba daga sama na faɗo ba. Ɗan manomi ne ni. Na san yadda ƙwaron wake yake: tun a gona yake zuba ƙwansa a jikin kwanso, ka kawo shi gida da hannunka ba ka sani ba, bayan wata uku ka buɗe buhu ka tarar rabi ya zama gari, sauran duk huda. Na san da kaka tiyar wake ba ta da daraja, kowa na son ya riƙe nasa har bazara ko faɗuwar damina lokacin da kuɗi ke tashi. Wake shi ne asusun talaka a nan. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya, kuma mafi yawan wanda muke nomawa kudu yake tafiya, ta Magariya da Matamaye zuwa Daura da Kano. Ba wanda zai ce maka ka zuba ido ƙwari su cinye guminka. Amma piya-piya ba maganin abinci ba ne. Sunansa na asali dikulorbos, wasu kwalaben an rubuta DDVP, kuma ba ya cikin magungunan da kwamitin ƙasashen Sahel na CILSS ya amince a yi aiki da su. Ta kan iyaka yake shigo mana, a sayar da shi a tebur ɗaya da ashana da batir. Saboda shi ne Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya ƙasashenta a 2015. Su da suke nesa sun gwada sun ce ba su ci, mu da muka noma muna ɗura wa ƴaƴanmu.

Bara da sanyi majo, wato babban ma'aikacin jinya na likitar ƙauyen da nake zagayawa, ya kira ni da hantsi. Gida guda ne aka kawo a amalanke, uwa da yara, bayan sun karya da ɗanwake. Amai, zawo, yawu na dalala, ƙaramin cikinsu idonsa ya ƙanƙance jikinsa na rawa. Kafin a kawo su an ɗura musu nono, an ba su ruwan tsamiya, an yi hayaƙi, an ce iska ce. Allah ya kiyaye, duk sun tashi. Da na je gidan na ce a nuna min waken, uwar ta jawo buhu daga ƙarƙashin gado tana cewa, "Wallahi Malam sau uku na wanke shi." Na yarda ta wanke. Wankin bai isa ba, kuma ba laifinta ba ne, ba ita ta zuba ba.

Ɗaya gubar kuma ta fi wannan ban tsoro, ita ce ƙwayar nan mai launin toka da ake sayarwa cikin gwangwani, fostoksin. Ita an yi ta don hatsi, gaskiya ne, amma don manyan ɗakunan ajiya da ke rufe ruf, nesa da gidajen mutane, a hannun wanda aka koya wa aikin. Da ta sha danshin iska sai ta fara fitar da hayaƙin da ido ba ya gani. Ƙwaya ɗaya mai giram 3 tana fitar da giram 1 na wannan hayaƙi, kuma buhun algarara ba ya riƙe shi, ta ko'ina yake fita. Yanzu ku dubi yadda muke yi. A ƙulla ƙwaya biyu ko uku a tsumma, a cusa cikin buhu, a jingine buhun a ƙuryar ɗakin kwana don tsoron ɓarayi. Ga hunturu ya shigo, an toshe taga da tsumma, an ja ƙyaure. Yara kuwa a ƙasa suke kwance kan tabarma, kansu kusa da buhu. Na taɓa zuwa gaisuwa a gidan da haka ta faru. Ba zan ba da labarin ba. Abin da zan ce kawai, wannan guba ba ta da makari, ko a babban asibitin Damagaram taimakon numfashi da ƙarin ruwa za a yi wa mutum a jira ikon Allah.

Haba jama'a! Buhun wake nawa ne? Ko buhu ɗari ne, ya kai ɗa guda?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba rashin mafita ba ne. Kakanninmu ba su san piya-piya ba, kuma sun ci wake har damina ta zagayo. Kakata a tukunyar ƙasa take ajiye na iri, ta tankaɗe tokar murhu mai sanyi, ta gauraya awo ɗaya na toka da awo ɗaya na wake, ta ƙara toka a sama ta liƙe baki da laka. Wasu da yashi mai laushi suke yi. Wasu su bar shi cikin kwansonsa a rumbu. A baje kolin nan ma akwai wata tsohuwa da ta kawo irin nata cikin toka, samari na wucewa suna yi mata dariya wai ta kawo kayan tarihi. Na tsaya na ce, "Inna, buɗe su gani." Ta zuba a faifai ta busa, wake na bara, ba huda ko ɗaya. Ita ya kamata a yi wa kiɗa ranar nan.

Ga wanda wakensa ya fi ƙarfin tukunya, akwai buhu mai ninki uku, wanda ake kira PICS. Ba baƙon abu ba ne, tun 2007 aka fara yaɗa shi a ƙasar nan, aikin haɗin gwiwar jami'ar Purdue ta Amurka da masu bincikenmu na INRAN, kuma a Maraɗi aka yi gwaje-gwajensa da yawa. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun algarara a waje. Ba a sa masa komai. Iska ce ke ƙarewa a ciki, ƙwaron ya daina ci, ya daina haihuwa, ya mutu. Ka buɗe bayan wata shida ka dafa a ranar. Ana samun sa wajen masu sayar da kayan noma a cikin gari da kasuwannin ƙauye da yawa, in babu a wajenku ku tambayi malamin gonarku ko shugaban ƙungiya. Za ku ce da tsada. Ya fi buhun banza kuɗi, ban musa ba, amma in ka kula da shi bai huje ba kaka uku za ka yi da shi. Lissafa kuɗin kwalbar piya-piya ta kowace shekara, ka haɗa da kuɗin amalanke zuwa likita. Araha ba ta ado.

Sai dai har a nan ma kun samo hanyar ɓata min rai. Na sha buɗe buhun PICS in tarar da ƙwayar fostoksin a ciki, wai don a ƙara masa ƙarfi. Don Allah wa ya aike ku? Buhun da aka yi don a raba ku da guba shi kuka mayar gidan guba.

Ga yadda ake yi, a gurguje, don na faɗa a taro ya fi a ƙirga:

A shanya wake ya bushe sosai, in ka ciza ya ce ƙas. A sheƙe, a fitar da tsakuwa da kara don kada su huda leda.
A hura kowace leda a duba ko tana yoyo.
A cika, a matse iska, a murɗe baki a lanƙwasa a ɗaure, kowace leda da ɗaurinta, sannan buhun waje.
A ɗora kan katako ko duwatsu, kada ya taɓa bango, saboda ɓera.
Kada a riƙa buɗewa. Na cefane a ware shi daban tun farko.
In babu buhun, bidon man girki da aka wanke ya bushe, ko tano mai murfi, a cika shi fal a toshe. Ban da bidon da ya taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi.

Masu saye, ku ma da naku. Ku ne kuke tura manomi. Hajiya ta zo kasuwar Dole ta ga huda biyu a tiya ta ce a rage mata kuɗi, ta ga wanda ke ƙyalli ba ko ƙuda a kansa ta ce shi take so. Ki sansana, Hajiya. In kika ji wari kamar na kananzir ko na tafarnuwa, ko kika ga garin toka-toka ƙulle a tsumma cikin buhu, ki ajiye ki wuce. Ƴan kasuwa masu tara ɗaruruwan buhuna a shago, ku na fi jin tsoro, don manomi murfi biyu yake zubawa, ku kwalba kuke juyewa, kuma a shagon yaranku suke kwana.

In kuwa abin ya riga ya faru, mutum ya ci ko ya shaƙa ya fara amai da jiri da ƙuncin ƙirji, a fitar da shi waje ya sha iska, a cire masa rigar da maganin ya taɓa, a tafi likita nan take. Kada a ba shi nono, kada a ba shi mai, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A tafi da kwalbar ko gwangwanin don majo ya ga abin da zai yi faɗa da shi. Sauran mutanen ɗakin ma a tafi da su ko sun ce lafiyarsu lau.

Na roƙi masu shirya baje kolinmu abu guda, sun ce za su duba: baɗi, kafin a ba kowane wake lambar yabo, a ɗebi tiya ɗaya daga ƙasan buhun a dafa a wurin, mai shi ya fara sa hannu. Dattijon nan mai murfi biyu kuwa na koma gidansa ranar Laraba da buhun PICS guda. Ya juya shi, ya ja ledar ya ga ko za ta yage, ya ce, "To Malam, wancan da na riga na zuba wa fa?" Na ce a fitar da shi daga ɗaki, a rubuta a jikinsa, a bar shi na iri.