Kula da Ciyawar Roba a Kano: Tambayoyi da Amsoshi

A 'yan shekarun nan ciyawar roba ta shiga gidaje da makarantu da wuraren biki da ƙananan filayen ƙwallo na haya a birnin Kano, tun daga Nassarawa har Rijiyar Zaki, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka saye ta sun yi hakan ne bisa zaton cewa da zarar an shimfiɗa ta an gama da ita ke nan. Ga tambayoyin da masu ita suka fi yi bayan hunturu ɗaya ko biyu ya bi ta kanta.

Ashe ciyawar roba ma tana buƙatar kulawa, alhali ba a yi mata ban ruwa ko aski?

Tana buƙata, kuma wanda ya san yadda aka gina ta ba zai yi mamakin hakan ba. Abin da ido yake gani kore shar, siraran zaruruwa ne na roba, galibi irin wadda ake kira foliyetilin, da aka ɗinke su a jikin wani shimfiɗi mai kama da buhu, aka shafe bayansa da danƙo domin kada su zare, sannan aka huda masa ƙananan ramuka jere-jere don ruwa ya wuce. A tsakanin zaruruwan ana zuba busasshen yashi mai tsabta, wanda shi ne yake danne shimfiɗin da nauyinsa, yake kuma tallafe zaren ya tsaya a miƙe. A ƙarƙashin duk wannan akwai dakakkiyar tsakuwa da aka daddale, wadda take karɓar ruwan ta kai shi magudana.

Ciyawar robar da ta fara yin suna ita ce wadda aka shimfiɗa a filin wasa na Astrodome da ke Houston a Amurka a 1966, amma ita gajeriya ce kamar darduma. Mai dogon zare da ake cika ta da yashi da garin tsohuwar tayar mota ta yaɗu ne daga ƙarshen shekarun 1990. Wannan sauyi ne ya sa ta yi laushi ta yi kama da ciyawar gaske, kuma shi ne ya sa ta zama abin da sai an kula da shi, domin yashin yana gushewa, yana daskarewa, yana kuma haɗiye duk dattin da ya sauka a kansa.

Mene ne ya fi lalata ta a Kano?

Ƙura. Littattafan da masu ƙera ta suke rubutawa sun fi damuwa da gansakuka da ruɓaɓɓen ganye, saboda an rubuta su ne don ƙasashe masu yawan damshi. Mu a nan muna da kusan watanni bakwai da ba a samun ruwan sama na kirki, kuma a cikinsu akwai hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar arewa maso gabas take ɗauko ƙura mai laushi kamar garin fulawa daga Sahara ta sauke ta a kan komai. Wadda ta sauka a kan mota ana gogewa da safe. Wadda ta sauka a kan ciyawar roba kuwa tana sulalewa ne ta tsakanin zaruruwan, ta cike gibin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi, ba tare da kowa ya lura ba.

Duk mai son ya gani da idonsa ya durƙusa a tsakiyar filinsa a ƙarshen Fabrairu, ya buɗe zaruruwan da yatsu biyu kamar mai tsefe kai. A filin da ake kula da shi zai tarar da yashi yana warwatsewa ƙwaya-ƙwaya. A wanda aka yi wa sakaci zai tarar da wani ɓawo ja-ja mai tauri, wanda sai ya sa farce kafin ya ɓare shi. Sai ya kawo bokiti guda na ruwa ya juye a wurin. Idan ruwan ya nutse nan take, ramukan ƙasa suna buɗe. Idan ya kwanta yana yawo a sama, to ƙurar ta riga ta toshe su, kuma ruwan farko na damina zai mayar da ita taɓo, ruwan Agusta kuma ya mayar da filin kududdufi. Mutane da yawa suna ɗora laifin haka a kan wanda ya shimfiɗa musu, alhali sau tari aikinsa lafiya ƙalau yake, ƙurar hunturu biyu ce aka bari ta taru.

Da wane irin kayan aiki ya kamata a riƙa share ta?

Da burushi mai dogon hannu da tsinken roba mai ɗan ƙarfi, ko manjagara ta roba. Burushin waya da manjagarar ƙarfe suna yayyage zaren, kuma zaren da ya yage ba ya komawa. Tsintsiyar kwakwa tana kwashe ledar ruwa da ganyen darbejiya daga sama, amma ba ta isa ta ɗaga zaren da ya kwanta ba. Akwai kuma wata ƙa'ida da masu shara da yawa ba a taɓa gaya musu ba: kowace ciyawar roba tana da ɓangaren da zarenta yake karkata, don haka ana tura burushin ne ya saɓa wa wannan karkatar, yadda zaren zai miƙe. A gida sau ɗaya a mako ya wadatar, sai dai hanyar da ake yawan bi, kamar daga ƙofar falo zuwa inda ake ajiye mota, tana son fiye da haka. A lokacin hunturu yana da kyau a riƙa bin ta da tiyo bayan shara, tun ƙurar ba ta nutse ba, domin ruwa kaɗan a kai a kai ya fi ruwa mai yawa sau ɗaya a shekara amfani, kuma ya fi sauƙi ga wanda yake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa.

To me ƙwararre yake yi wanda mai gadi ko mai shara ba zai iya ba?

Aikinsa yana farawa ne daga inda burushin hannu ya tsaya. Yana zuwa da inji mai burushi mai juyawa, wanda yake shiga har gindin zaren, ya farfasa yashin da ya daskare, ya ɗago shi sama. Injinan da suka fi inganci suna tsotse ƙurar su tace ta, su mayar da yashi mai tsabta wurinsa. Bayan haka sai ya auna zurfin yashin a wurare daban-daban, domin ba ya raguwa daidai wa daida: yakan yi ƙaranci a inda ƙafa ta fi takawa, ya taru a gefe. Inda ya ragu, zaren ba shi da abin jingina, sai ya kwanta, idan kuma ya daɗe a kwance ana taka shi rana tana dukansa, to ya kwanta ke nan har abada. Saboda haka ƙarin yashi a kan lokaci yana daga cikin ayyuka mafi arha da suke tsawaita rayuwar fili. Amma a kula da irin yashin. Wanda ake so shi ne wankakke, busasshe, tatacce, mai ƙwaya daidai. Yashin gini da ake saukewa daga tifa yana ɗauke da laka da ƙura, kuma zuba shi daidai yake da zuba matsalar da aka kira mutum ya cire.

Abu na biyu shi ne mahaɗa. Ciyawar tana zuwa ne a naɗe, galibi mai faɗin mita 2 ko 4, ana jera ta ana haɗa bakin da baki a kan wani ƙyalle da aka shafa wa gam na musamman. Zafin rana yana sa robar ta buɗe da rana ta tsuke da dare, kuma a hankali wannan motsi yakan ɗaga bakin mahaɗar. Ƙwararre yana bin kowace mahaɗa da hannu yana ja, ya gyara wadda ta fara buɗewa tun tana tsawon taƙi guda. Idan aka bar ta, ƙafar yaro za ta shiga, ta ja ta ta zama kamu uku. Ina ganin wannan shi ne wurin da bai kamata a yi rowa ba, domin gam ɗin takalmi da wasu suke liƙa ta da shi ba ya jure rana da ruwa, kuma yakan bar dunƙule mai tauri da ke hana gyara na gaba kamawa.

Na uku shi ne gefuna da magudana: ya duba ko bakin ciyawar ya ɗaga daga inda aka kafe shi, ko wani wuri ya lotsa saboda ƙasar ƙarƙashi ta zauna, ko kwatar da ruwan yake fita ta cika da leda. Wurin da ya lotsa sai an yanke an ɗaga, an cike ƙarƙashin an daddale, sannan a mayar.

Me ya sa take zafi haka da rana, kuma akwai magani?

Ciyawar gaske tana fitar da ruwa ta ganyenta, shi ya sa take da sanyi ko da tsakar rana. Roba ba ta yin haka, tara zafi take yi. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin iska a Kano yake kai wa maki 40 a ma'aunin Salshiyas, saman ciyawar roba yana iya haura maki 60, wanda ya isa ya ƙona tafin ƙafar ƙaramin yaro. Watsa ruwa yana sauke zafin, amma na ɗan lokaci ne kawai. Abin da ya fi ɗorewa shi ne inuwa, da kuma tsara lokaci: makarantar da take da irin wannan fili ta mayar da wasan yara zuwa safiya. Kafin a saki yaro a kai da rana, babba ya ɗora bayan hannunsa a kan ciyawar na ɗan lokaci, idan bai iya jurewa ba, yaron ma ba zai iya ba.

Wuta kuwa ba ta da magani sai yankewa. Garwashi guda da ya faɗo daga kaskon turare ko murhun gashin nama, ko guntun taba, ko bututun janareta da aka ajiye kusa, duk suna narkar da zaren ya dunƙule. Har hasken rana da gilashin taga mai ƙyalli yake mayarwa wuri guda yana iya yin wannan ɓarna. Gyaransa shi ne a yanke wurin a saka faci, don haka yana da kyau mai gida ya ajiye ragowar da aka yanke ranar shimfiɗawa.

Yaya za a yi da ragon layya da sauran tabo?

Mafi alheri shi ne kada a ɗaure dabba a kai, kada kuma a yi yanka ko fiɗa a wurin. Fitsari yana ratsawa ya zauna a cikin yashi, zafi ya tayar da zarninsa, jini kuma idan ya bushe a gindin zare yana kiran ƙuda. Idan abin ya riga ya faru, a kwashe mai kauri tukuna, a bi da ruwan sanyi mai yawa nan take, sannan ruwan sabulun wanke-wanke marar ƙarfi, a sake ɗauraye shi. Shayi da lemo da miya duk haka ake yi musu. Cingam ana ɗora masa ƙanƙara ya yi tauri a ɓamɓare shi. Fetur da kalanzir da sinadarin narka fenti suna cinye danƙon da ya riƙe zaren, saboda haka ba a goge tabo da su, ko da na baƙin mai ne.

Na ga ciyawa ta gaske tana tsirowa a ciki. Daga ina take fitowa?

Yawanci daga sama take, iri ne da iska ko tsuntsu ya kawo ya samu ƙurar da ta taru ya kama, kuma irin wannan ana tuge shi da hannu cikin sauƙi. Mai wuyar ita ce wadda take fitowa daga ƙasa, kamar aya-aya da ke huda shimfiɗi da tsininta, ko kiri-kiri da ke rarrafowa ta gefe. Idan aka fizge su da ƙarfi ana iya faɗaɗa ramin, don haka gara a kashe su tukuna da maganin ciyawa irin wanda ake haɗawa da ruwa, su bushe, sannan a cire.

Shin filin ƙwallo na haya ya bambanta da na gida?

Ƙwarai kuwa, domin shi ƙafa ashirin ko fiye ce take dukansa tun la'asar har tsakar dare. Zarensa ya fi tsawo, daga milimita 40 zuwa 60, kuma bayan yashi ana zuba masa garin tsohuwar taya, wanda shi ne yake tare wa ɗan wasa gwiwa idan ya faɗi. Wannan gari yana gudu daga bakin raga da tsakiyar fili, yana fita a takalma da safa, saboda haka sai an riƙa mayar da shi ana ƙarawa. Ma'aunin da masu sana'ar suka saba bayarwa shi ne awa guda ta gyara a kan kowace awa goma ta wasa. Hukumar FIFA ta fara shirin gwada ingancin irin waɗannan filaye a 2001, aka shigar da su cikin dokokin ƙwallo a 2004, har aka buga gasar cin kofin duniya ta mata ta 2015 a Kanada kacokan a kansu. Gwajin yana duba yadda ƙwallo take gangarawa da yadda take tsalle da yadda fili yake shanye nauyin faɗuwa, kuma shaidar ba ta dindindin ba ce, sai an riƙa sake gwadawa, saboda hukumar ta san filin da ya ci jarrabawa bana yana iya faɗuwa baɗi idan aka yi sakaci da shi. Mai ƙaramin fili a Hotoro ko Zoo Road ba ya neman wannan shaida, amma gwiwoyin samarin da suke biyan kuɗin awa ba su bambanta da na kowa ba.

Ya kamata kuma a san cewa garin tayar yana da nasa lahani ga muhalli. A 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da za ta hana sayar da shi don wannan aiki daga 2031, saboda yadda yake bin ruwa ya shiga koguna. A nan abin da ke hannunmu shi ne a sa raga a bakin magudanar fili, a kuma tanadi wurin kaɗe takalma a ƙofar fita.

Sau nawa za a kira ƙwararre, kuma ta yaya za a gane na gaske?

Ga gida a Kano, sau biyu a shekara ya dace. Na farko a watan Afrilu ko farkon Mayu, bayan ƙura ta lafa kuma kafin ruwa ya sauka, shi ne mafi muhimmanci. Na biyu a Oktoba, domin a duba abin da damina ta kwashe ko ta lotsar. Makaranta da filin haya suna buƙatar fiye da haka. Wanda ya san aikin ana gane shi tun kafin ya faɗi kuɗi: zai durƙusa ya tona, zai tambayi shekarar da aka shimfiɗa ta, zai nemi ya ga inda ruwa yake fita, zai kuma nuna irin yashin da zai zuba a tafin hannunsa. Wanda ya iso da injin wankin mota ya fara feshi da ƙarfi yana kora yashin zuwa kwata, filin zai yi kyau ranar, amma bayan mako biyu zaren zai kwanta.

Filin wasa da ake kula da shi yakan yi shekara 8 zuwa 10, na gida yakan wuce haka. Alamar cewa lokacin sauyawa ya yi ita ce idan aka shafa hannu a kai guntayen zare kore suka biyo tafin hannu, ko baƙin shimfiɗin ƙasa ya fara leƙowa a inda ake yawan takawa. Daga nan ƙarin yashi ba ya gyara komai, sai dai idan tsakuwar ƙarƙashi tana nan daram, saman kawai za a naɗe a sauya, ba sai an sake tona ƙasa ba.