Motar da ta daɗe a ajiye: a gyara, a sayar, ko a kira 'yan gwangwan?

Da wuya ka ratsa unguwa ba ka gan ta ba: mota a ƙofar gida ko a lungu, tayoyi sun sace, an ɗora ta kan bulo, ƙura ta rufe gilashi har yara na rubuta sunayensu da yatsa. Wata haɗari ta yi, wata injinta ne ya buga, wata kuma ta gado ce, magada ba su zauna ba. In ka tambayi mai ita, sai ya ce sai kuɗi sun shigo. Abin da mu ma'aikatan tsabtar muhalli muke so jama'a su gane shi ne, mota ba fili ba ce da za ta ƙara daraja don an ajiye ta. Duk daminar da ta wuce a kanta, kuɗin gyara na hawa, kuɗin sayarwa na sauka.

Kafin maganar kuɗi akwai maganar rai. A watan Disamba na 2021 an tsinci gawar yara 8 a cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagry na jihar Legas. Yaro na shiga wasan ɓuya ya ja ƙofa, makullin ya cije saboda tsatsa, ko kuma an kunna makarin nan da ke hana buɗe ƙofar baya daga ciki. Batir ya mutu, gilashi ba ya sauka, hon ba ya kuka. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce maki 40 a Kano da Sakkwato da Yamai, motar da ke rufe a rana tana ƙara kusan maki 10 cikin minti 10, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Saboda haka duk ranar da yaro ya ɓata a unguwa, a fara leƙa motocin da ke ajiye, har cikin but, kafin a tafi cigiya.

Sai ƙwari. Tayar da ta tara ruwan sama gida ce ga sauron da ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana 7 zuwa 10 ne kawai. Ɓeraye na yin sheƙa a kujeru da cikin bonet, inda ɓera yake kuma maciji na biyo shi. Tun yau, ko ba a yanke shawara ba, a kulle ƙofofi da but, a ajiye makulli inda yaro ba zai kai ba, a cire batir, a zubar da ruwan da ya taru. Ƙofar da ba ta kulluwa a ɗaure ta da sarƙa.

Kada kowa ya kawo batir ya tayar da motar da ta shekara a tsaye don ya ji ko tana da rai. Nan ake ƙarasa injin da da zai gyaru. Baƙin mai ya riga ya tsiyaye zuwa ƙasan injin, ƙarfe zai goge ƙarfe a bushe. Fetur kuma bayan wata 6 ya soma lalacewa, yana zama danƙo mai warin fenti da ke toshe famfon mai da nozul. Makanike na gari zai fara zaro sandar gwada mai ya duba. In man ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, ko dai gaskit ya ƙone ko motar ta nitse. Daga nan ya cire fulogi, ya ɗiga baƙin mai kamar cokali ɗaya a kowane rami, ya bari ya kwana, sannan ya sa sifana ya juya injin da hannu. In ya juya sumul, akwai fata. In ya cije, to a fara lissafin wani injin.

Motar da ambaliya ta ci, irin waɗanda ruwan madatsar Alau ya shanye a Maiduguri a watan Satumba na 2024, ita ce ta fi yaudara. Jiki lafiya, amma ruwa ya zauna a mahaɗar wayoyi da cikin kwamfutar motar, tsatsa na ci a hankali. A gyara wannan yau, gobe wancan ya ɗauke. A ɗaga kafet a duba laka, a shinshina.

Amma ni a ganina ba inji ne ke yanke hukunci ba, shasi ne, wato ƙashin ƙarfen da ke riƙe da jikin motar. Inji ana sayen na Beljiyam a Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna a ɗora. Shasin da ya lanƙwashe ko tsatsa ta huda shi, ko mai gyaran jiki ya daddaƙe ya shafe da fenti, motar za ta riƙa cin taya gefe guda, tana ja wa direba sitiyari, kuma in aka sake karo ba za ta kare na ciki ba. A shiga ƙarƙashi da tocila, a soka sukundireba a wuraren da suka yi tsatsa. In ta shige, maganar gyara ta ƙare.

In shasi da inji sun tsira, sai a zauna da biro da takarda. Akwai kayan da dole a sauya ko da suna kama da sababbi: batir, baƙin mai da matatarsa, man birki domin yana shan danshi, ruwan lagireto, bel, da robobin da suka bushe. Tayoyi ma haka. A gefen kowace taya akwai lamba mai alƙaluma 4 da ke nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya na ɗaukar tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa a matsayin wadda ta tashi aiki. A haɗa da kuɗin aiki da na sabunta takardu, sannan a ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai, don ba a taɓa buɗe tsohuwar mota ba a ci karo da abin da ba a zata ba. A karɓi farashi daga makanikai biyu, a rubuce. Shawarata, in jimlar ta haura rabin abin da irin motar ke yi a kasuwa tana tafiya, ko kuwa kuɗin ba sa hannu yanzu, a sayar. Gyaran da ake yi kaɗan-kaɗan motar takan koma kwanciya ne a gareji, ana zare mata kaya.

Wajen sayarwa a faɗi aibinta, musamman in ta nitse ko jakar iskar da ke kare mutum a haɗari ta fashe. Ɓoye aibi a ciniki haramun ne, kuma a nan ran wani ne a ciki. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a sa lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, a ajiye kwafin katin shaidar mai saye, a tabbatar an yi canjin mallaka. Motar gado kuwa sai da yardar dukkan magada.

In ta kai ga a ba 'yan gwangwan su yanka ta, kada a yarda da kuɗin ƙarfe a dunƙule. Giya, fitilu, ƙofofi, alfaneta da kwamfuta kowanne da kuɗinsa. Akwai kuma abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi, wanda ke ɗauke da ma'adanai masu tsada irin su filatinam, shi ya sa masu saye ke fara leƙa ƙarƙashi. A cire lambar mota kafin a ja ta, a riƙe takardu, don kada a maƙala lambar a motar sata a zo neman mai sunan. A tsiyaye fetur kaf kafin wuta ta kusanci tanki. Tankin da ya yi kamar babu komai ma tururinsa na fashewa. Baƙin mai da ruwan lagireto a zuba a jarka mai murfi, ba a kwata ba, kuma nesa da rijiya, don ruwan lagireto yana da ɗan zaƙi, yaro ko akuya na iya sha, yana kuma lalata ƙoda. Batir a miƙa shi ga masu saye yadda yake, a tsaye, ba a fasa shi a tsakar gida ba, domin dalmar cikinsa irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ce. Ƙasar da mai ya jiƙa a ƙarƙashin motar a kwashe ta da shebur kafin a bar yara su koma wasa a wurin.